Mu da Ba Mu Son Kiɗa

Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum ba mu son kiɗa. Kowa ka tambaya haka zai ce maka, har da rantsuwa. Tun da Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau cikin Oktoban 1999 muka samu amsar da muke ba baƙo: nan jihar Shari'a ce, ba ruwanmu da kaɗe-kaɗe. Sai dai in baƙon ya kwana biyu zai fara lura. Mai shayi na kaɗa ƙwai da waƙa, mai faci na bugun taya da waƙa, ɗan kabu-kabu ya ɗaure 'yar MP a kan tankin mai da roba, samarin da ke wankin ƙasa suna neman zinari sun jingina waya da dutse tana ta tsiwa. Dattijon da ya gama faɗa a majalisa cewa yaran yanzu sun lalace, leƙa ƙarƙashin benci ka dubi ƙafarsa. Babban yatsa na aiki.

Kada ka kira wannan munafunci. Mu rabon aiki muke ce masa: baki ya riƙe hukunci, yatsa ya riƙe kiɗa, kowa da sashensa. In kuwa za a bi ta gado, yatsan ya fi bakin hujja. Ƙasar Zamfara ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa a Tubali, wanda ya riƙe kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa har malaman jami'a suka yi ta samun digiri da waƙoƙinsa. Nan aka yi Musa Ɗanƙwairo Maradun da ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya wanda ya je ya zauna a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Kassu Zurmi, da Sani Sabulu na Kanoma. Gaskiya ne ba ɗaya cikinsu da aka binne wa cibiya a garuruwan nan namu uku, amma hakan bai taɓa hana mu bugun ƙirji da su ba. In Bakano ya zo yana mana yanga da Kannywood, sai mu gyara zama mu ce, "Yaro, waƙa ai nan anka haihe ta." Mu faɗi haka, sannan mu ce ya tura mana sabuwar waƙar Ado Gwanja kafin motarsa ta tashi.

Don in za a faɗi gaskiya, yau mu masu saye ne. Waƙar da ke tashe a Gummi a Kano aka buga ta, ko Kaduna, wani jiƙon Jos ko Legas. Masu data suna saukewa daga Audiomack da YouTube, amma su nawa ne? Sauranmu wurin mai caji muke zuwa.

Wanda bai san rumfar mai caji ba bai san inda ake naɗa mawaƙi sarauta a yankin nan ba. Rumfar langa-langa ce a bakin tasha ko gefen kasuwa. An kafa allo an jera masa soket sahu-sahu, kowace waya an manna mata 'yar takarda da lamba, sola na kan rufi, ƙaramin janareto na baya don ranar hadari. A kusurwa akwai tsohuwar kwamfuta wadda haruffan madannanta suka goge, mai ita da ka yake latsawa. Ya kasa hajarsa kashi-kashi: sabbi, soyayya, siyasa, bege, wa'azi, Indiya mai fassara, sai wani kaso can ƙasa da ya sa wa suna na tsofaffi, inda ya tara su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace. Magidanci zai zo ya miƙa memori ya ce da ƙarfi, yadda na kusa za su ji, "Ɗan nan, sa mani karatu da wa'azi." Sai ya dubi hagu ya dubi dama ya rage murya. "In wuri ya rage, ka cika da abin nan na yara, don iyali." Wurin kuwa kullum sai ya rage, iyalin kuma ba su taɓa sa memorin a ido ba.

Waƙar da mai caji ya sa a gaba ita ce waƙar gari. Daga waya ɗaya manhajar Xender za ta raba ta ga majalisa, ranar kasuwa ta bi 'yan ƙauye gida, kafin mako ya zagayo an haddace ta daga Daki Takwas har Nasarawar Burkullu. Mawaƙin yana can Kano yana ƙirga masu kallonsa a intanet, bai san akwai garuruwan da yara ke rera baitinsa a bayan jaki ba tare da kowa ya taɓa latsa shafinsa ba. Ko sisi ba ya komawa aljihunsa daga nan. Mu dai mun biya mai caji, a wurinmu an gama ciniki.

Mun ga iyakar ikon mutumin nan a 2021. A farkon Satumban shekarar aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka. Makonni aka kwashe ba kira ba saƙo. Mai son jin muryar ɗansa da ke ci-rani sai ya hau mota ya tsallaka wata jiha. Sabuwar waƙa ta koma kayan fatauci, duk direban da ya shigo daga nesa sai an tare shi an ji me ya zo da shi a waya. Da sabbin suka ginshi kowa, dole aka gangara kason tsofaffi. A lokacin ne samarin da ba su taɓa haƙurin zama su ji Bakandamiyar Narambaɗa daga farko har ƙarshe ba suka zauna suka ji. Na ji wani cikinsu, mai askin nan da ake barin tsakiya, ya cire abin kunne ya ce wa abokinsa, "Kai, ashe tsohon ga ya iya jihwa da magana!" Allah Ya jiƙan Narambaɗa, ya samu shaida daga sama.

Da layi ya dawo kowa ya koma gidan jiya. Abin da ya fi cika memori har gobe nanaye ce. Fiyano ɗaya, irin ta Yamaha, ta sallami makaɗa goma: kalangun na cikinta, sarewar na cikinta, har tafin. Namiji ya ja baiti mace ta amsa, gadon finafinan Indiya da iyayenmu suka sha kallo. Sai muryar nan da ake wankewa da na'ura har ta yi siriri tana karkarwa, wadda suke kira Auto-Tune. Duniya ta fara jin ta sosai a bakin Cher a 1998, wasu suka yi yayinta suka wuce, mu muka riƙe muka ƙi saki. Su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Auta Waziri duk ta nan suka shigo mana gida. A 2020, ana zaman kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta sa matan aure suka riƙa taka rawa gaban mazajensu ana ɗauka a waya. Malamai suka yi ca. Mu ma nan mun yi Allah wadai, bayan mun kalla da kyau don mu san abin da muke tsinewa.

Ina da ra'ayi a kan siririyar muryar nan, ko da masana za su yi mani dariya. Ba daɗinta kaɗai ya sa ta zauna ba, wayarmu ce ta zaɓe ta. Ƙaramar Itel ko Tecno mai madannai ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Abin da ya yi tsini shi ke tsira daga bakinta, ya ratsa ƙarar babur da injin niƙa ya iso kunne. Shi ya sa amapiyano ya daɗe bai kama mu ba. Kiɗan nan daga unguwannin baƙar fata na wajen Firitoriya da Johannasbag ya taso, su Asake suka dama shi da fuji a Legas a 2022, duk Nijeriya ta ɗauka. Ransa kuwa gangar nan ce mai gurnani daga ƙasa, wadda ƙirji ke ji kafin kunne. Sa ta a ƙaramar waya ka ji: gurnanin ya ɓace, sai ƙwas-ƙwas ya rage, kamar kaza na tsattsagar tire. Sai ranar da dije ya kafa manyan sifiku a ƙofar gida muka gane abin da ake ta yi wa ihu. Yanzu masu haɗa kiɗa na Kano da Kaduna sun gano dabara, suna shimfiɗa gurnanin a ƙasa su ɗora kalangu ko gurmi a sama, ta yadda mai babbar sifika ya samu nasa, mai ƙaramar waya ma bai tashi a tutar babu ba.

Ado Gwanja shi ta wata ƙofa ya shigo, ƙofar cikin gida. Ya ɗauko habaicin kishiyoyi da zafin kiɗan ƙwarya, irin filin da Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe shekara da shekaru, ya ƙara masa gudu. Da Warr da Chass suka fito a 2022 maza sun yi ta gunaguni, mata ko a jikinsu. Ai ba da mu ake ba. TikTok kuma ya zo ya yanke wa waƙa ƙafa. Abin da ake buƙata yanzu rabin minti ne mai kama baki, wanda za a yi rawa da shi a ɗora. Tambayi yarinyar da ta fi kowa iya amshin wata waƙa ta ba ka baiti na biyu, sai ta tsaya tana kallonka, don ba ta san akwai shi ba.

A wurin biki ne za ka ga komai a fili. Da can sai an yi sallar isha'i ake fitowa dandali, mai kalangu ya zauna, 'yan mata su yi gaɗa har wata ya faɗi. Yau a ƙauyukan da ke bakin daji wa zai kunna fitila ya tara jama'a da dare? Ƙauyuka da yawa ma mutanensu suna cikin garin Anka suna zaman gudun hijira. Biki ya dawo na rana, a kai amarya ido na ganin ido. Dije zai iso bayan azahar da sifiku biyu a kura da janareto, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya koyi magana da lita: casun lita biyu daban, na lita huɗu daban, in ya mutu a tsakiyar rawa kada a zarge shi. Ana kiran la'asar zai kashe, filin ya yi tsit, kowa ya gyara mayafi ya koma salihi. Liman na sallamewa ƙura ta sake tashi daga inda ta kwanta.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da ake jira waƙar amarya ce, wadda aka sa aka buga musamman. Tun da sauran mako biyu ango ya tura jerin sunaye ta WhatsApp zuwa wani sitidiyo a Gusau ko Kano: amarya, ango, iyaye, abokan ango, ƙawayen amarya, da duk wanda ake jin tsoron bakinsa. Kiɗan shi ne dai wanda aka buga wa amaren bara, mawaƙin kuma bai san ko Gummi gabas take ko yamma ba. Ba wanda ya damu. Da an saka ta za ka ga mata sun daina hira sun kasa kunne, ba zaƙin murya suke saurare ba, ƙirga suke yi. Wadda aka kira ta rangaɗa guɗa ta fito da kuɗin liƙi. Wadda aka kira bayan wadda take ganin ta girma, ta ɗaure fuska ta ajiye abin a ranta. Wadda kuwa aka manta, to a nemi tsari. Na ga wata gwaggo ta miƙe tsakiyar taro ta yafa gyale tana cewa, "Ni da niy yi goyon ɗiyag ga, a kira matar kawunta ta jiya-jiya a bar ni? Ku ci bikinku!" Sai da uwar amarya ta ruga ta raɗa wa dije, ya rage kiɗa ya ɗauki makirfo ya kwarara sunan gwaggo sau uku, ya haɗa mata da uwar marayu da garkuwar dangi. Ta dawo ta zauna, ta kwance bakin zane. Ita ta fi kowa liƙi ranar.

To abin da muke saye ke nan tun kaka da kakanni: a kira sunanmu cikin mutane. Sarki yana da mai kotso, ɗan dambe da mahauci suna da mai kalangu, manomi in ya kira gayya akwai mai gangar da zai zuga shi har ya manta da ciwon baya. Kowace sana'a da makaɗinta. Fiyano ba ta kawo sabon hali ba, araha ta kawo. Abin da a da sai mai doki da riga zai samu, yau mai shagon taki ma yana samu, har da amshi.

'Yan siyasa sun fi kowa gane wannan. Tun da Dauda Kahutu Rarara ya nuna cewa waƙa ɗaya na iya cika filin taro fiye da jawabi goma, ba ɗan takarar kansila da zai yarda ya fito ba tasa. Mu kuma a Zamfara mun ba mawaƙan siyasa wahalar da ba su sha a ko'ina ba. A 2019 an gama zaɓe, an buga waƙoƙin nasarar APC ana ta casu, sai Kotun Ƙoli a watan Mayu ta soke ƙuri'un jam'iyyar gaba ɗaya, Matawalle na PDP ya hau. Aka koma sitidiyo. A Yunin 2021 shi kuma ya koma APC. Aka sake komawa. A 2023 Dauda Lawal ya karɓe a PDP. Mai caji dai bai goge ko ɗaya ba, ya ce ba a san gobe ba.

Saura yaron da ba shi da biki, ba shi da takara, ba wanda zai kira sunansa. Shi ne ya juya hula baya ya kira abinsa da kansa.

Hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York ya tashi wajen 1973, ya daɗe yana yawo kafin ya koyi Hausa. A Kano su Nazir Hausawa da ake kira Ziriums suka fara jan hankali da yi wa masu tace finafinai habaici a waƙa. A ƙetaren iyaka su Kaidan Gaskiya na Yamai sun daɗe suna yi. Amma mu nan sai da tashar AREWA24 ta buɗe a 2014, Nomiis Gee ya riƙa jero su a Zafafa Goma, sannan yaranmu suka san fuskokinsu: Classiq da B.O.C Madaki daga Bauchi, Morell daga Borno, DJ AB daga Kaduna, da su Deezell. Kiɗan nasu ba ruwansa da sarewar Indiya. Ganga ce mai nauyi daga ƙasa, da wani caccaka mai sauri a sama, sai magana a jere ba numfashi. Na baya-bayan nan ma sun ɗauko salon diril, wanda ya taso daga Shikago ya bi ta Landan, mai duhu da jan ƙafa.

Wani kawuna da aka sa masa ɗaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wagga waƙa ta ko hwaɗa na? In magana shika yi, shi zamna mu ji. In waƙa ta, ina 'yan amshi?" Na ce, "Kawu, ranar da kuka tafi kallon dambe kuna samari, ɗan damben da ya shigo fili ya ɗaga hannun da ya naɗe yana zuba kirari, ina nasa 'yan amshin?" Ya ce wannan daban. Ban ja ba, don ba a ja da kawu, amma ba daban ba ne. Mutum ya tsaya gaban jama'a ba rauji ba karin murya, ya faɗi sunansa da na garinsu, ya lissafa waɗanda ya kayar, ya ce duk mai ja ya fito: 'yan dambe sun yi, 'yan tauri sun yi, mafarauta sun yi. Gabar da yaran nan ke yi da juna a waƙa, wannan ya saki tasa wancan ya mayar, masoya su rabu biyu, ai ko Shago da Ɗandunawa sun raba gari haka, Ɗan Anace na tsakiya yana hura wuta. Jifan abokin hamayya ba tare da kama suna ba kuwa, makaɗan fada sun ƙare shi tun tuni. Zambon da Ɗanƙwairo zai yi wa ɗan sarkin da ke hangen gadon ubangidansa, kowa a fada ya san da wa ake, ba mai iya kai ƙara.

Inda kawu ke da gaskiya ɗaya ne. Ɗan dambe in ya gama kirari dole ya shiga fili, a nan take a gane ko ƙarya yake. Namu zai ce ya tara motoci ya hana maƙiya barci, alhali takalmin da ya yi bidiyon da shi na abokinsa ne, ana jiran a gama a karɓa.

Har waƙar 'yan daba da Amurkawa suka yi ta cece-kuce a kanta a shekarun 1990 ba baƙuwarmu ba ce. Muhammadu Gambu na Fagada, nan maƙwabtanmu a ƙasar Kabi, ɓarayi ya yi wa waƙa, Kassu Zurmi ma ya taɓa. Iyayenmu sun saya sun saurara sun yi dariya, don ɓarawon lokacin katanga yake haurawa ya ɗauki akuya, in an yi ihu ya zura da gudu. Wajen 2021 wata waƙar yabon ɗan bindiga Bello Turji ta zagaya wayoyi, kiɗanta na gargajiya, mai kama kunne. Ta shigo garuruwan da aka binne mutane saboda irinsa, ta hanyar nan dai da sauran waƙoƙi ke bi, daga waya zuwa waya. Yanzu ga 'yan bindigar nan a TikTok suna baje kuɗi gaban kyamara, mutane na bin su. Su ma so suke a kira sunansu. A nan raha ke tsayawa. Ban ga majalisar da aka yi dariyar wannan ba, amma kuma ba kowa ya goge ba.

Wannan ne ya sa nake sassauta wa yaranmu masu gambarar zamani, wato hip-hop, duk da haushin da suke ba ni. Haushin shi ne, ga abin faɗa jibge a ƙofar gida. Ga Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, inda gubar dalma daga dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Ga ramukan haƙa da ke rufta wa samari. Ga manomin da sai ya biya kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. Ga ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a daminar 2024. Mawaƙin Bronx da irin wannan ya gina sunansa. Namu sai ya tsaya gaban makirfo yana ba mu labarin wata budurwa da ta yaudare shi a wani gidan rawa da bai taɓa shiga ba. Amma kuma wanda ya yi waƙar daji da gaskiyarta, a ina zai kwana? Na Kaduna in ya yi zagi ya koma gida ya rufe get. Namu uwarsa na ƙauye, kuma ba a san wayar da waƙar za ta faɗa ba. Budurwar ƙarya ba ta aiko wa kowa da saƙo.

Abin da ban yafe ba shi ne harshe. Yaro a majalisa zai ce munka tahi, anka yi, mi kac ce, bakinsa cike da Zamfarci mai daɗi. Da ya ga makirfo sai ya koma Bakanon dole, yana tauna Turanci a tsakani, wai kada a ce masa ɗan ƙauye. Alhali da wannan harshen Narambaɗa da Sa'idu Faru suka gagara, har Kanawa na haddacewa suna karya baki don su kwaikwaya. Abin dariyar ma, 'yan matan birni sun ƙirƙiro ranar ƙauyawa a bikinsu, su sa atamfa riga da zane, su yi kwalliyar ɗige-ɗige, su ɗauki ƙwarya da mafici, a kaɗa musu kalangu. Su suna biyan kuɗi su zama mu na yini ɗaya, namu na wahalar zama su. Masu barkwanci a TikTok sun riga mawaƙa ganewa, da yawansu da Sakkwatanci tsantsa suke tara mabiya. Duk ranar da wani yaro daga Gwashi ko Wuya ya hau gangar nan mai gurnani da bakin uwarsa, ya jero kirari yadda ake yi a filin dambe, ina jin su Kaduna za su miƙe tsaye.

Kayan aikin dai ba su gagare su ba. Sitidiyon garinmu ɗaki ɗaya ne: an jingina katifa a bango, an manna kwalayen ƙwai a rufi, an shimfiɗa safa a kan zoben waya gaban makirfo don ta tare iskar baki. Kwamfuta da manhajar FL Studio, sai haƙuri, don dole a jira mai markaɗe na maƙwabta ya kashe inji kafin a ɗauki murya, in akuya ta yi kuka a sake daga farko.

Yanzu ma an ce wannan wahalar ta kusa ƙarewa. Akwai manhajoji irin su Suno da za ka rubuta musu baiti su rera maka da kiɗa da amshi cikin minti biyu. Wani yaro a layinmu ya gwada da wani Alhaji mai sayar da taki, wanda ya daɗe yana son a yi masa waƙa amma yana ƙyashin kuɗin sitidiyo. Ya rubuta masa kirari, ya sa sunansa da na mahaifinsa da na shagon, ya kawo masa har majalisa. Muryar ta fito tas, sai dai ba ta san ƙa da ɗa ba, Hausarta irin ta wanda ya koya a bariki, Bukkuyum kuwa sai da ta yi tuntuɓe biyu kafin ta fita. Alhaji bai damu ba. Ya ji sunansa, ya sa aka maimaita, ya gyara hula, hannu ya tafi aljihu. Sai ya tsaya.

"Wane makaɗi na wanga? Ɗan ina na?"

"Alhaji, ba mutum ba na. Na'ura ta."

"To wa za ni ba riga?"

"Ni, Alhaji. Ai ni nir rubuta."

"Kai ka waƙar?"

"A'a, ita ka yi."

Alhaji ya zaro hannunsa daga aljihu wayam, ya ɗauki butarsa.

"To ka gaishe ta."